Cunkoson ɗalibai a jami'o'in gwamnati: asalinsa da tasirinsa ga ingancin karatu

Cunkoson ɗalibai shi ne yanayin da adadin masu karatu a jami'a ya zarce abin da malamanta da azuzuwanta da kayan aikinta za su iya ɗauka. A Najeriya, matsalar ta fi ƙamari a jami'o'in tarayya da na jihohi, domin nan ne akasarin iyaye ke iya biyan kuɗin karatun 'ya'yansu.

Karatun jami'a ya fara a ƙasar nan a 1948, lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan da ɗalibai 104. An kafa Jami'ar Nsukka a 1960, sai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Legas da ta Ife a 1962. A 1975 gwamnatin soja ta ƙara wasu bakwai, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kano. Duk da wannan ƙari, masu neman gurbi sun fi gurabun yawa. A 'yan shekarun nan, kusan mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar hukumar JAMB a kowace shekara.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta tsara ma'aunin yawan ɗaliban da ya kamata malami guda ya riƙe: 30 a fannin fasaha da zamantakewa, 20 a kimiyya, 10 a likitanci. Amma binciken da kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya gabatar a 2012 ya nuna an yi wa ma'aunin nisa. Kwamitin ya ƙirga malamai 37,504 ga ɗalibai sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malaman ke da digirin digirgir. A wasu jami'o'in, malami guda na riƙe da ɗalibai fiye da ɗari. Kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke samun makwanci a cikin makaranta.

Illar wannan tana bayyana ne a aji. Idan ɗaruruwan ɗalibai suka cika zaure, na baya ba ya jin malami, balle ya yi tambaya. Malamin da zai duba tarin takardun jarrabawa yakan koma ga tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, sai ɗalibi ya kammala ba tare da ya goge a rubutu da kafa hujja ba. A ɗakin gwaje-gwaje, gungun ɗalibai kan kewaye na'ura guda, mutum ɗaya na aiki, saura na kallo. Lokacin da malami zai ba bincike da duba kundin ɗalibansa shi ma yakan ƙare a aikin koyarwa.

Rashin isasshen kuɗi shi ne tushen takaddamar gwamnati da ƙungiyar malamai ta ASUU tun yarjejeniyar 2009. Yajin aikin 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar jami'o'i da rukunin sababbin ɗalibai masu jiran shiga a kan waɗanda ba su fita ba.

Asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, yana gina zaurukan karatu da ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai daga harajin kamfanoni, sai dai ba ya biyan albashi. A watan Agustan 2025, gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai, domin a mai da hankali kan gyara waɗanda ake da su. Ga uban da ke neman wa ɗansa gurbi, abin dubawa bayan sunan jami'a shi ne ko NUC ta tantance kwas ɗin, da kuma yawan malaman da sashen yake da su.