Akawun da Ya Sa Aka Kafa Dokar Asirin Gwamnati

A shekarar 1878 akwai wani saurayi a birnin Landan ana ce da shi Charles Marvin. Aikinsa juyar takardu ne a ofishin harkokin ƙasashen waje na Ingila, ana biyansa kwabo goma ladan sa'a guda, watau ko sule bai cika ba. A ƙarshen watan Mayu aka ba shi wata takarda ya juya. Ashe alkawari ne na ɓoye wanda Ingila da Rasha suka ƙulla kafin su tafi babban taron da za a yi a Balin. Marvin kuwa Allah ya yi masa kaifin hadda. Da ya tashi aiki sai ya zarce ofishin wata jarida mai suna Globe, ya ba su labarin da ka, suka buga.

Aka tambayi Lod Salisbury, ministan ofishin, cikin majalisa, ya ce labarin ba abin gaskatawa ba ne. Ran 14 ga Yuni sai jaridar ta buga alkawarin ɗungum. Kunya ta rufe gwamnati.

Aka kama Marvin aka kai shi gaban alƙali bisa zargin sata. To, amma me ya sata? Takarda tana nan ofis, ko tsinke bai ɗauka ba, abin da ke cikin kansa kuwa doka ba ta san shi dukiya ba. Sai aka sallame shi. Wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka sa aka kafa dokar asirin gwamnati ta farko a 1889, wadda ta mai da tona asirin ofis laifi, ko da mutum bai ɗauki takarda ba.

A 1911, sa'ad da tsoron 'yan leƙen asirin Jamus ya cika Ingila, wakilan jama'a suka zartar da sabuwar doka rana ɗaya, kusan ba gardama. Gaggawar nan ba ta haifar da alheri ba. Sashe na 2 na dokar ya haɗa kome da kome, babba da ƙarami, har wanda ya karɓi labarin ma ya shiga laifi. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 2.

Haka aka zauna har 1985, da aka gurfanar da wani babban ma'aikaci, Clive Ponting, don ya aika wa wani ɗan majalisa takardu game da nutsar da jirgin ruwan Ajantina mai suna Belgrano. Bai yi musun aikawa ba, duk da haka masu taya alƙali shari'a suka ce ba shi da laifi. A 1989 aka soke sashen, aka ƙayyade irin asiran da doka ta tsare, kamar na tsaron ƙasa da na hulɗa da ƙasashen waje.

Nijeriya ta gaji wannan tsari daga Turawa, ta kuma yi tata dokar a 1962. Sai a 2011 ta kafa wadda ta ba talaka ikon neman labari daga ofisoshin gwamnati.