Hatsarin mota: abin da doka ta tanada wa wanda ya ji rauni

Duk wanda ya san hanyar RN25, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Baleyara ta nufi Filinge, ya san yadda take cika ran Lahadi, ranar kasuwa: motocin dabbobi, motocin fasinja, 'yan kabu-kabu, ga masu tafiya ƙasa. In tsautsayi ya faɗa, abin da aka saba ji shi ne: ƙaddara ce, mun yafe. Yafiya abu ce mai kyau. Sai dai yafe wa direba daban, barin diyyar da kamfanin inshora zai biya daban. Kuma takardun da aka yi a ranakun farko su ke yanke komi.

Wace doka ke aiki?

A Nijar, diyyar raunin hatsarin mota tana ƙarƙashin dokar CIMA. Dokar inshora ce ta haɗin gwiwar ƙasashe 14 na Afirka, har da tamu. An sa hannu kan yarjejeniyar a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, dokar ta fara aiki cikin 1995. Ita ta tilasta wa duk abin hawa mai inji, mota ko moto, ya yanki inshora, wadda muke ce ma asirans.

Fasinja ko mai tafiya ƙasa da aka buge yana da haƙƙin diyyar rauninsa ko da shi ma ya yi kuskure, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Iyalan direba da ke cikin motar su ma ana biyansu. Shi direba ne laifinsa ke iya rage diyyarsa ko ya hana ta baki ɗaya.

Ranar hatsari

Na farko, a kira jandarmomi ko 'yan sanda su zo su yi konsta. Rahotonsu shi ne tushen magana, doka kuma ta ce su aika shi ga kamfanin inshora cikin wata 3. A rubuta lambar mota, da sunan kamfanin da ke kan takardar inshorarta, da sunayen shaidu.

Na biyu, a je asibiti, likita ya duba ya ba da takardar shaidar rauni ta farko. Nan mutanenmu suka fi yin asara. Mai karaya ya wuce wurin mai ɗori kai tsaye, bayan wata shida ƙafa ta ƙi, ba takarda ko guda a hannu. Alƙali da takarda yake aiki. A adana takardun magani, rasiɗin famasi da hoton ƙashi, kar a yar da ko ɗaya.

Kafin kotu, sai an nemi sulhu

Doka ta ba kamfanin inshora wa'adi daga ranar hatsari ya gabatar wa mai rauni tayin diyya. Maganar diyya ba ta zuwa gaban alƙali sai wa'adin ya cika ba a daidaita ba. Wanda ya sa hannu kan sulhu, daga baya ya gano ba a bi ƙa'idar doka ba, yana da kwana 15 ya janye, ta wasiƙa mai rajista. In yaro ne ya ji raunin, sulhu ba ya tabbata sai da amincewar iyayensa, in ba su raye sai da ta alƙali mai kula da lamarin yara ko majalisar dangi. Kar kowa ya dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta masa ba.

Yadda alƙali ke yanke hukunci

Shari'ar gida biyu ce. Akwai ta laifi, inda mai gabatar da ƙara na gwamnati ke tuhumar direba da jikkata mutum ko kashe shi ba da niyya ba. Wannan ta hukuma ce, tana iya ci gaba ko iyali sun yafe. Akwai kuma ta diyya.

A nan alƙali na duba: shin motar na da hannu a hatsarin? Raunin daga hatsarin ya fito? Mene ne girmansa? Likita ƙwararre ke auna nakasar da ta rage bayan ciwo ya tsaya, ya ce kashi kaza cikin ɗari. Daga nan sai a bi jadawalin doka, wanda ke la'akari da shekarun mutum da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya kai jika 42 a wata tun farkon 2024. Ana biyan kuɗin magani, kwanakin da ba a yi aiki ba, nakasa, zafin ciwo da tabon da ya ɓata kamanni. In rasuwa ce, akwai kuɗin jana'iza da diyyar mata, 'ya'ya da iyaye. Kowane kaso da iyakarsa, don haka kar a sa ran irin miliyoyin da ake ji a kotunan Amurka.

Manomi ko makiyayi ba ya da takardar albashi, shi ma doka ba ta bar shi ba: da mafi ƙarancin albashin ake masa lissafi. Magada kuwa sai sun kawo takardar rasuwa, ta aure, ta gado da takardun haihuwar yara.

In motar ba ta da inshora, mai ita da direbanta ake kai ƙara, kuma karɓar kuɗi a nan yakan yi wuya.

Wa'adi

Shekara 5 daga ranar hatsari ita ce iyaka, bayanta ƙofa ta rufe. Wanda ba ya da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon ANAJJ, hukumar gwamnati mai agaza wa marasa ƙarfi kan shari'a.

'Yan uwa da ke Kwatano, Akara, Abijan ko Legas: in an kira ku an ce wani na gida ya yi hatsari, bayan kun aiko na magani, ku tambaya: an yi konsta? Likita ya ba da takarda? Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiya sauƙi.