Daga Azara Zuwa Kwano: Tarihin Gyaran Rufi a Ƙasar Hausa

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, jama'a na cikin sallar la'asar, wani ɓangare na Babban Masallacin Zariya ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun ranar Alhamis aka lura da tsagewa a jikin bangon, ana shirin kawo injiniyoyi ne abin ya auku. Masallacin ya kusa shekara 190 a tsaye. Daɗewar tasa ta samo asali ne daga wata tsohuwar al'ada ta kula da rufi, wadda yanzu take ƙoƙarin ɓacewa.

An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin da ya jagoranci aikin shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ƙasa da azara ne kayan aikinsa, kamar kowane magini na zamaninsa, sai dai ya kai su matsayin da har yau masana gine-gine ke nazari. Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, ya sa an gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-gine da ke Jos.

Kashin bayan rufin soro shi ne azara, wato gangar jikin giginya da aka tsaga tsawo-tsawo. Magina sun zaɓe ta ne domin tana da tauri, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Amma tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya ƙetare fili da ya wuce kamar mita biyu ba tare da ta lanƙwasa ba. Wannan iyaka ce ta haifar da fasahar da aka san maginan Hausa da ita. Suna jera azara hawa-hawa daga jikin bango, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Bisa azarar ake shimfiɗa zana, sannan a zuba ƙasa a daddaɓe.

Irin wannan rufi ya dace da yanayin wurin. A watan Afrilu zafin rana a Kano da Katsina da Damagaram yakan kai digiri 40. Ƙasa mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauri. Tana shanye shi da rana, sai dare ya yi ta sake shi, lokacin da iska ta riga ta yi sanyi. Shi ya sa cikin soro yake da sanyi da tsakar rana, da hunturu kuma yake riƙe ɗumi.

Abokin gabar soro shi ne ruwa. Damina a wannan yanki gajera ce, amma ruwanta mai ƙarfi ne, musamman a Yuli da Agusta. Rana ta riga ta gasa rufin wata bakwai ko takwas, ta bar ƙananan tsagu a fuskarsa. Ruwan farko yana bi ta waɗannan tsagu ya jiƙa ƙasar, nauyinta ya ƙaru, ƙarfinta ya ragu, damshi kuma ya kai ga bakin azara inda ta shiga bango. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ruwa ne ƙadangaren.

Saboda haka gyara ya zama aikin kowace shekara. Da bazara ta kama, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, maigida yakan kira magini ya hau soro. A share ƙura da ciyawar da ta tsiro, a toshe tsagu, a gyara gangaren rufin don kada ruwa ya kwanta, a buɗe bakin indararo, wanda ke tura ruwa nesa da gindin bango. A duba rawanin ginin da zankwayensa, domin su ruwa ke fara zaizayewa. Daga nan sai yaɓe.

Kayan yaɓen su ne suka fi nuna yadda sana'o'in birni suka dogara da juna. Ana samun makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa shi a kwaɓa ƙasa da ruwansa, ta yi tauri ta ƙi shan ruwa. Laso, wanda ya fi makuba ƙarko da tsada, haɗi ne na abu uku: katsi, wato dattin da ke taruwa a ƙasan rijiyar marina, wanda ake busarwa a ƙone a dake, gashin akuya daga majema, da kuma ruwan dafara mai danƙo. Ke nan rufin attajirin Kano yana buƙatar marini da majemi da manomi kafin magini ya ɗora hannu. Sarkin Magina kuma shi ke shugabantar masu sana'ar, ilimin yana bin gida daga uba zuwa ɗa.

Abin da ya sauya wannan tsari daga Turai ya taso. A 1829 Henry Palmer ya yi rajistar kwanon rufi mai tudu da kwari a Landan. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, wanda sannu a hankali ya rage wa marinar gargajiya kasuwa, katsi kuma ya yi ƙaranci. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kaya masu nauyi irin su kwano da siminti suka fara zuwa arewa cikin sauƙi. Da farko a ofisoshin Turawa da kantunan kamfanoni da unguwar Sabon Gari ake ganin kwano. Daga baya, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, ya mamaye cikin birni da ƙauyuka, ya zama alamar cewa mai gida ya samu. A cikin waɗannan shekaru ne aka kewaye tsohon masallacin Zariya da sabon ginin zamani.

Mutane ba su rungumi kwano don wauta ba. Ba shi da nauyi, ana buga shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ya raba maigida da fargabar ɗigar ruwa a tsakiyar dare. Amma ya zo da nasa matsalolin. Yana ɗaukar zafi ya zubo shi cikin ɗaki kai tsaye, sai an yi silin an bar kafar iska. Da rana yana buɗewa, da dare ya tsuke, wannan motsi na kullum yana sassauta ƙusa ya faɗaɗa raminta, tsatsa ta fara daga nan. Guguwar farkon damina kuma rufin da ƙusoshinsa suka saki take fara yayewa. Siminti ma da ake shafa wa tsohon bangon ƙasa yakan riƙe damshi a ciki, ya ɓoye ɓarnar har sai ya ɓamɓaro gaba ɗaya.

Asarar da ta fi girma ita ce ta ɗabi'a. Mai soro ya san cewa rufinsa bashi ne da ake biya kowace bazara. Mai kwano ya ɗauka ya gama biya ranar da kafinta ya sauko, don haka ba ya sake ɗaga kai sai ruwa ya ɗigo masa. A garin Djenne na ƙasar Mali, jama'a har yau suna fitowa rana guda a shekara su yi wa babban masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907, sabon yaɓe, kuma yana nan tsaye. A biranen Hausa kuwa, maginan da suka iya haɗa laso tsufa suke yi, 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo, tsofaffin soraye kuma suna jiran wanda zai hau kansu kafin ruwan Yuni ya sauka.