Yaro Mai Baiwa a Ƙasar da Ba a Tambaya: Tarihin Labaran Baƙar Gobe

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. To akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ya ɗauki wannan karin magana ya kifar da ita. A cikinsa manya ne idonsu ya rufe, yaro ɗaya kuma shi kaɗai ke ganin ramin da gari duka ya nufa. Turawa na kiran irin wannan labari distofiya, ni kuwa na fi so in kira shi labarin baƙar gobe: marubuci ya ƙirƙiro wata ƙasa ta nan gaba inda hukuma ke zaɓa wa mutum aiki da abokin zama, har da abin da zai tuna da wanda zai manta. Abin da nake so mu bi sawunsa shi ne yadda aka yi yaro mai baiwa ya zama gwarzon waɗannan labarai, domin da farko ba shi ne ba.

Kalmar kanta ta girmi littattafan. A 1516 Thomas More ya rubuta Utopia, labarin wani tsibiri da komai nasa ya daidaita. A 1868 John Stuart Mill ya juya kalmar a majalisar dokokin Ingila, yana sukar yadda gwamnati ke tafiyar da Ayalan, ya nuna cewa abin da ake shiryawa kishiyar wancan tsibiri ne. Littattafan da suka kafa harsashi sun biyo baya. Yevgeny Zamyatin na Rasha ya rubuta We a tsakanin 1920 da 1921, inda mutane ba su da suna sai lamba. Sai a 1924 aka buga shi da Ingilishi a Amurka, Tarayyar Sobiyet kuwa ba ta yarda an buga shi ba sai 1988. Aldous Huxley ya fito da Brave New World a 1932, George Orwell ya biyo da Nineteen Eighty-Four a 1949.

Abu biyu na lura da su a waɗannan ukun. Na farko, gwarazansu duk manya ne, kuma duk kayar da su aka yi: na Zamyatin an yi masa aiki a ƙwaƙwalwa an cire masa tunanin kansa, na Huxley ya rataye kansa, na Orwell an gana masa azaba har ya koma son wanda ya azabtar da shi. Na biyu, yara a cikinsu kayan aikin hukuma ne. Wajen Huxley a kwalba ake ƙyanƙyashe jarirai, a raba su aji-aji tun ba su zo duniya ba. Wajen Orwell kuwa yara kunnen gwamnati ne a cikin gida, har wata ƴar ƙaramar yarinya ta kai ƙarar ubanta saboda maganar da ya yi cikin barci.

Me ya sa daga baya alƙalami ya koma kan yaro? A ganina amsar tana cikin abin da gwamnatoci suka fara yi wa yara a zahiri. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin auna basira a Faransa. A 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara bin rayuwar yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sama da 1,500. Bayan dokar ilimi ta 1944, yaran Ingila suka riƙa zama wata jarrabawa suna da shekara 11, wadda ke yanke irin makarantar da kowa zai shiga, sau da yawa har da irin rayuwar da zai yi. Da Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, a 1958 ta yi dokar zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya da sunan tsaron ƙasa. Wato yaro mai basira ya zama dukiyar gwamnati, kamar ma'adinin da ake tono. Marubutan da suka ga wannan da idonsu su ne suka fara tambaya: in hukuma ta gano yaron da ya fi ta gani, me za ta yi da shi?

Na tarar da amsa iri uku, kuma kusan a jere suka zo.

Amsa ta farko ita ce a kawar da shi. A The Chrysalids na John Wyndham, 1955, yaƙin nukiliya ya riga ya cinye duniya, mutanen da suka rage a yankin Labrador suna ɗaukar duk wata halitta da ta bambanta a matsayin la'ana. Wata yarinya, Sophie, laifinta kawai yatsu 6 a kowace ƙafa. David, mai ba da labarin, yana iya magana da wasu yara zuci da zuci ba tare da buɗe baki ba, ga shi kuma mahaifinsa na cikin masu tsananin farautar irinsu. Wyndham ya rubuta wannan shekara 10 bayan faɗuwar Hitler, lokacin da ba a manta da masu auna ƙoƙon kan mutane don tantance jini ba. Ba don yara ya rubuta shi ba, amma makarantu suka ɗauke shi. A 1967 John Christopher ya rubuta The White Mountains musamman don matasa, inda ake kafa wa kowane yaro hular ƙarfe a kai in ya kai shekara 14, daga ranar ba zai sake yin tambaya ba. A waɗannan littattafai mafita ɗaya ce, gudu.

Amsa ta biyu ta fi wayo, kuma ta fi ba ni tsoro: a karrama shi, a yi amfani da shi. A Ender's Game na Orson Scott Card, 1985, an ɗauke Ender daga gidansu yana ɗan shekara 6 zuwa makarantar yaƙi a sararin samaniya. Malamansa suka raba shi da abokai da gangan don ya ƙara kaifi, suka ce masa wasan kwamfuta yake yi. Sai da ya ci wasan ƙarshe ya gane ashe yaƙin gaske ne, ya hallaka wata al'umma baki ɗaya.

Littafin da ya zama ginshiƙin wannan fanni shi ne The Giver na Lois Lowry, 1993, wanda ya ci lambar Newbery a 1994. Garin Jonas babu yunwa, babu yaƙi, amma kuma babu launi, babu kiɗa, babu zaɓi. Yana da shekara 12 aka zaɓe shi ya zama ma'ajin tunanin al'umma, shi kaɗai zai ɗauki tarihin daɗi da na wuya don sauran su huta. A nan ya gano cewa kalmar sallama da ake yi wa tsofaffi da raunanan jarirai kisa take nufi, kuma mahaifinsa, mutum mai fara'a da son yara, da hannunsa yake yi wa jariri allurar. Lowry ta bayyana cewa cikin abubuwan da suka haifi labarin akwai mahaifinta da tsufa ya sa ya manta rasuwar babbar ƴarsa, da kuma zamanta tana yarinya a wata unguwar Amurkawa da aka killace a Tokyo bayan yaƙi. A Gathering Blue, 2000, ta ƙara fito da maganar fili. Kira gurguwa ce marainiya, an bar ta da rai ne don ta iya ɗinkin zare, an ba ta ɗaki da abinci don ta gyara rigar mawaƙin gari. Ranar biki ta ga ashe mawaƙin da ake girmamawa da mari a ƙafafunsa yake tafiya.

Mu nan wannan ba baƙon labari ba ne. A tsakiyar shekarun 1850 gwamnan Faransa Louis Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Saint-Louis ta Senegal wadda sunanta ma makarantar garkuwa, inda ake tara ƴaƴan sarakuna. Daga baya makarantar William Ponty ta riƙa tsince yara mafi ƙwazo daga ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa don su zama malamai da akawuna da ma'aikatan lafiya na mulkin mallaka. Boubou Hama da Diori Hamani duk can suka yi karatu. An tara su don su yi wa tsarin hidima, da yawansu kuma suka zama shugabannin ƙasashensu bayan tsarin ya kau. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Nnedi Okorafor ta kafa The Shadow Speaker, 2007, a Nijar ta shekarar 2070, da wata yarinya Ejii mai jin maganar inuwa, wadda mahaifinta ya mulki garinsu da ƙarfa-ƙarfa.

Amsa ta uku ta zamanin talabijin ce: a mai da shi abin kallo. Suzanne Collins ta ce The Hunger Games, 2008, ya zo mata ne wani dare tana sauya tasha tsakanin gasar matasa da hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata. Ta haɗa da tsohon labarin Girkawa na samari 7 da ƴan mata 7 da birnin Atina ke bayarwa a matsayin gandu. A ƙasar Panem gundumomi 12 ke ba da yara 24 kowace shekara, su kashe juna a gaban kyamara. Katniss, mai shekara 16 kuma gwanar baka, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta. Wannan karon yarinyar ba gudu ta yi ba, gwamnatin ta kayar. Sai dai a littafi na uku, 2010, ƴan tawayen ma sun mai da ita tutar farfaganda, har ta gane shugabarsu da azzalumin da ake yaƙa duk kanwar ja ce.

Kasuwa ta buɗe. Divergent na Veronica Roth ya fito a 2011, fina-finai suka biyo, masu kwaikwayo suka yi yawa har abin ya gundure, fim na ƙarshe na jerin Divergent ma ba a yi shi ba bayan na 2016 ya gaza. Amma labarin ya riga ya fita daga takarda. Bayan juyin mulkin soja na 2014 a Tailan, masu zanga-zanga suka ɗauki gaisuwar yatsu uku ta fim ɗin Katniss, aka kama ɗalibai 5 a Khon Kaen don sun ɗaga ta a gaban shugaban mulkin soja. A 2021 aka sake ganinta a titunan Myanmar.

Akwai ƙorafi biyu da ake yi wa waɗannan littattafai. Na farko na iyaye ne, cewa sun yi wa yara nauyi. The Giver na cikin littattafan da aka fi neman a cire daga makarantun Amurka a shekarun 1990. Ina girmama damuwarsu, amma ban bi su ba, domin yaron da ke jin labarin yaƙi a rediyo kullum ya riga ya san akwai mugunta, abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna da shi su yi maganarta. Na biyu ya fi ƙarfi: in kullum zaɓaɓɓe ɗaya ne ke ceton gari, me aka bar wa sauran yara, su zauna jiran gwani? Nan na yarda rabi. Littattafan da suka yi rauni haka suke. Masu kyaun kuwa sun nuna baiwa ita kanta tarko ce, kuma abin da ya ceci gwarzo ba ita ba ce. Jonas ya gudu ne don jaririn da za a kashe, Katniss ta fito ne don ƙanwarta, kuma wannan kowane yaro na iya yi.

Don haka tambayar da tarihin nan ya bar mana, mu iyaye da malamai, mai sauƙi ce. In muka ga yaro ya yi fice, a allo ne ko a boko, muna renon basirarsa don ya iya tambayarmu, ko don ya rera mana abin da muke so mu ji? Allah Ya raya mana su, Ya ba mu haƙurin sauraronsu.