Garaken Miriya: baƙin itatuwa da suka zama ƴan gari

Duk wanda ya bar Damagaram ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 18 zai iske Miriya. Tun daga nesa kukoki ne ke tarbarsa, sannan ya faɗa cikin inuwar garake: ga mangwaro, ga gwaiba, ga lemo da gwanda, ga kuma dabino nan da can. Na kai ziyara garin ranar wata Lahadi, ranar kasuwarsa, a tsakiyar bazara, lokacin da mangwaro ke cika faifai da kwanduna. Da na tambayi wani dattijo mai garka shekarun babban iccen da muke zaune ƙarƙashinsa, sai ya shaida mini cewa kakansa ne ya dasa shi. Wannan amsa ta sa na yi tunani: kafin kakan nasa fa, wace inuwa mutanen garin suke sha?

Miriya tsohon gari ne, ɗaya daga cikin masarautun Sosebaki, kuma ya girmi Zinder a sarauta. A ƙarni na 19 ne Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye shi, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884. A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da sunan Abdul Karim, ya ratsa ta garin a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder. Abin da ya ja hankalinsa shi ne manyan itatuwan tsamiya. Ashe ni'imar wurin daɗaɗɗa ce, itatuwan ne suka sauya.

Galibin ƴaƴan itacen da ake alfahari da su yau baƙi ne, kuma sunayensu na tona asirin hanyar da suka biyo. Lemo daga Asiya ya fito, sunansa kuwa daga Larabci muka are shi, shaidar hulɗarmu da arewa ta hanyar ayari. Gwanda ƴar nahiyar Amurka ce. Da ta iso, sai Bahaushe ya ba ta sunan gwandar daji da ya riga ya sani, wasu suka bambanta ta da cewa gwandar Masar. Barth ya gan ta a ƙasar Hausa tun 1851, wato ta riga Turawan mulki zuwa. Gwaiba ma daga Amurka take, kuma a bakin Turawan Fotugal sunanta ya biyo. Shi kuwa mangwaro asalinsa Indiya da maƙwabtanta, kuma bai yaɗu sosai a wannan yanki ba sai bayan da Faransawa suka kama Zinder a 1899. Daga baya aka samu mai aure, wanda ya fi tsoka da ƙarancin zare.

Sai dai baƙo ba ya zama sai ya samu masauki. Masaukin nan shi ne ruwan da ke kusa da doron ƙasa a fadamun Miriya, da kuma sanin manoman da suka iya gina rijiya, suka iya ban ruwa da rani, suka iya kare dashe daga awaki har ya kafu. Fari na 1973 da na 1984 sun nuna darajar wannan sani. Lokacin da hatsi ya ƙi, garka ta rufa asirin gidaje da dama, kuma bayan 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga ƙasa baki ɗaya da a rungumi noman rani, abin da masu garake suka gada tun kaka da kakanni.

Abin damuwa shi ne, iccen mangwaro yana ɗaukar shekaru kafin ya biya wahalar mai shi, alhali salati da tumatir cikin ƴan watanni suke kawo kuɗi. Ga gado na rarraba garka ƙanana ƙanana, ga gari na faɗaɗa. Idan kowa ya tsinka bai dasa ba, jikokinmu za su san garaken Miriya a labari kawai.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da rawar takawa. A kai ɗalibai garka, su tambayi dattawa wanda ya dasa kowane icce da inda ya samo irinsa, su rubuta da Hausa kafin masu sanin su ƙaura. Ranar 3 ga Agusta kuwa, ranar da ƙasarmu ta saba dashen itatuwa, kowane aji ya dasa nasa, ya kuma ɗauki nauyin ba shi ruwa har damina ta zagayo. Kakan dattijon nan bai daɗe yana cin ƴaƴan iccensa ba, amma mu mun zauna a inuwarsa.