Katakon da ya zama raƙumin mutanen ƙanƙara

Titin Ibrahim Taiwo, wanda ya ci sunan gwamnan soja na Kwara da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairun 1976, yana cikin wuraren da Bakano ke zuwa yankar tikitin jirgi. Yawancin tafiye-tafiyen na Umara ne da Dubai da Alƙahira. Amma idan Disamba ta kama, akan samu masu zuwa Kanada ko arewacin Turai duba 'ya'yansu da ke karatu, kuma a can ne wani zai miƙa musu sirarun katakai biyu da sanduna biyu, ya ce su gwada zamiyar dogon zango a kan dusar ƙanƙara. Da yawa suna ɗaukar abin wasan yara ne na masu hutu. Tarihinsa kuwa ya fi kusa da na Fagge, unguwar da titin ya bi ta gefenta, inda ayarin Buzaye da fatake suka riƙa sauke raƙuma a bayan ganuwa.

Matsalar Sahara da ta ƙasashen ƙanƙara iri ɗaya ce: ƙasa mai laushi da ke haɗiye ƙafa. Raƙumi ya zo da maganinta a jikinsa, wato faffaɗan tafin da ke baza nauyi a kan yashi. Mutanen arewacin duniya sai da suka sassaƙa nasu. Kalmar ski da Turawa ke kiran katakon da ita ta fito ne daga tsohon harshen Norwe, ma'anarta tsagaggen itace. A 1924 masu haƙar magudanar ruwa a Kalvträsk, a arewacin Suwidin, suka tono irin waɗannan katakai a cikin fadama, bincike ya nuna sun haura shekara 5,000, wato sun girmi dalar Giza ta Masar. Al'ummar Sami, makiyayan barewar ƙanƙara, da su suke bin garke da farautar kyarkeci. Babu wanda ya hau su don nishaɗi a wancan zamani. Wanda ba shi da su, to ya zauna a ɗaka har bazara.

Abin da ke kai mutum inda wani ba ya iya zuwa ba ya daɗewa bai shiga sha'anin sarauta ba. A 1206, ana tsakiyar yaƙin basasa a Norwe, mayaƙa biyu na ɓangaren Birkebeiner suka ɗauki ɗan sarki, Håkon, yana jariri, suka tsallaka duwatsu da shi cikin guguwar ƙanƙara don kada abokan gaba su kashe shi. Yaron ya hau gadon sarauta a 1217, ya yi mulki har 1263. Tun 1932 ake tseren kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer don tunawa da wannan gudun, kuma dole kowane ɗan tsere ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo 3.5, a madadin jaririn. Suwidin ma tana da nata labarin: an ce a hunturun 1520 zuwa 1521 wasu gwanaye biyu suka bi sawun Gustav Vasa, wanda ke gudun hijira, suka cim masa a Sälen suka dawo da shi ya jagoranci tawaye, ya zama sarki a 1523. Tseren Vasaloppet na kilomita 90, da aka fara a 1922, a kan wannan hanya ake yin sa. Duk wanda ya san yadda Hawan Daushe ke ɗauke da tarihin masarauta a bayan doki ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sauran duniya ta san katakon ne ta hannun Fridtjof Nansen, wanda ya ratsa ƙanƙarar Girinlan daga gabas zuwa yamma a 1888 tare da mutum biyar, biyu daga cikinsu Samawa. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya sa matasan Jamus da Ostiriya suka shiga odar katakai daga Norwe. Ranar 14 ga Disambar 1911 Roald Amundsen ya isa ƙuryar kudancin duniya da katakai da karnuka, ya riga Robert Scott na Ingila da sama da wata guda. Scott da mutanensa ba su dawo da rai ba.

A wannan shekara ta 1911 ne layin dogo ya iso Kano. Fataucin Tarabulus, wanda dama ya fara ja da baya, bai sake farfaɗowa ba, gyaɗa ta juya akalar kasuwa zuwa Legas, Sabon Gari ya tashi kusa da tasha. Katakon zamiya ma haka injin ya yi masa, ko da yake a hankali. Ya shiga gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix, Faransa, a 1924, da tseren kilomita 18 da na 50, mata kuma suka samu shiga a Oslo a 1952. Wani babban aikinsa da duniya ta shaida a fagen daga shi ne yaƙin hunturun 1939 zuwa 1940, lokacin da sojojin Finlan sanye da fararen kaya suka riƙa sulalowa daga daji suna daddatsa ayarin motocin Tarayyar Sobiyet da suka maƙale a kan hanya kusa da Suomussalmi. Daga baya babur ɗin ƙanƙara ya karɓe ko da kiwon Samawa. A ganina, katakon ya fi raƙumi sa'a: ya samu makomar doki, wanda ya bar yaƙi ya koma sukuwa da folo da hawan salla, alhali raƙumi ya fi yawa yanzu a mayanka.

Wannan asali shi ke bayyana abin da sabon shiga zai tarar. Zamiyar gangare, wadda aka fi nunawa a talabijin, na'ura ce ke kai mutum ƙololuwar dutse, nauyinsa ya sauko da shi. A dogon zango babu mai ɗaukar kowa. Yatsun ƙafa kaɗai ake ɗaurewa a katakon, diddige a sake yake, domin an yi shi ne don tafiya. Akan shata layuka biyu a ƙanƙara, mutum ya danna ƙafa ɗaya tsakiyar katakon ya kama ƙasa, ya sulale a kan ɗayar, yana tunkuɗawa da sanda. Hawa tudu sai an buɗe kawunan katakan waje ana takawa kamar agwagwa. Faɗuwa kam ba makawa, sai dai a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta cika yin illa ba. Kuskuren ɗan ƙasar zafi shi ne jibga kaya: ya sayi ƙatuwar rigar sanyi a gwanjo, ya sa ta auduga a ciki, kafin minti ashirin gumi ya jiƙe shi, da ya tsaya kuma jiƙaƙƙiyar audugar ta zame masa ƙanƙara. Masu abin sirarun riguna suke jerawa, na ulu ko na roba, su fara tafiya suna ɗan jin sanyi.

Nijeriya ta fara zuwa Olamfik ta hunturu a 2018 a Pyeongchang, Koriya ta Kudu, da mata huɗu: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a keken ƙanƙara, Simidele Adeagbo kuma a allon da ake kwanciya rub da ciki. A Beijing a 2022 Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a yankin duwatsun Alps na Faransa kuma mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya zama na farko da ya yi zamiyar dogon zango da tutar ƙasar. Shi kaɗai ne ɗan wasan Nijeriya a gasar baki ɗaya.