Chuuk: yadda maƙabartar jiragen yaƙi ta zama wurin yawon buɗe ido 🧵

1/ Jama'a, yau zan kai ku Tekun Pasifik. Akwai wasu ƙananan tsibirai da ake kira Chuuk, a ƙasar Micronesia. Kowace safiya ƙananan jiragen ruwa masu inji kan ɗauki baƙi 'yan kaɗan, a kai su tsakiyar ruwa, su goya silindar iska su nutse. Abin da suke zuwa kallo shi ne jiragen yaƙin Japan da ke kwance a ƙasan ruwa tun 1944. Ku biyo ni.

2/ Da farko dai, Chuuk tarin tsibirai ne a cikin wani katafaren tafkin teku da duwatsun murjani suka kewaye. Ruwan ciki a kwance yake, shi ya sa manyan ƙasashe suka yi ta kwaɗayinsa. Sifaniya ta sayar wa Jamus da yankin a 1899. Japan ta ƙwace shi a 1914. A duk cinikin nan babu wanda ya tambayi mutanen wurin ra'ayinsu. Mu da muka karanta tarihin mulkin mallaka a Afirka, labarin ba baƙo ba ne.

3/ A Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta mayar da wurin, wanda a lokacin ake kira Truk, babban sansanin sojan ruwanta. Ranar 17 da 18 ga Fabrairu 1944 Amurka ta kawo farmakin da ta sa wa suna Operation Hailstone. Cikin kwana biyu jiragen ruwa sama da 40 suka nutse, aka lalata jiragen sama fiye da 250, dubban mutane suka mutu.

4/ Wani abin lura: Japan ta riga ta janye manyan jiragen yaƙinta kwanaki kaɗan kafin harin. Don haka yawancin waɗanda suka nutse jiragen dakon kaya ne da na dakon mai, cike da lodinsu. Wannan ne ma ya sa wurin ya yi suna daga baya, domin kayan suna nan a ciki.

5/ Mutanen Chuuk fa? An raba wasu da gonakinsu, an sa su aikin tilas. Bayan harin, hanyar kawo abinci ta yanke, yunwa ta kama sojojin Japan da 'yan ƙasa baki ɗaya har zuwa 1945. Hotunan masu nutso ba sa nuna wannan ɓangaren.

6/ To yaya aka yi mutane suka fara iya sauka wurin? A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera na'urar Aqua-Lung. Tana ba mai nutso iska daga silinda daidai da matsin ruwan da yake ciki. Kafin nan, galibi sai an zuro wa mutum iska ta tiyo daga saman jirgi.

7/ A 1969 tawagar Cousteau ta je Truk ta ɗauki fim ɗin jiragen. Duniya ta gani, masu nutso suka fara tururuwa. Amma wanda ya fi burge ni a labarin nan ɗan ƙasa ne, Kimiuo Aisek. Yana matashi ya ga harin da idonsa. Daga baya ya taimaka aka gano inda jirage da dama suke, sannan a 1973 ya buɗe shagon nutso na farko a Chuuk, wato Blue Lagoon.

8/ Me ake gani a ƙasa? A cikin Fujikawa Maru akwai sassan jiragen sama na yaƙi. A kan San Francisco Maru akwai tankokin yaƙi guda 3, a zurfin kusan mita 50. Murjani ya lulluɓe ƙarafan, kifaye sun mayar da su gida.

9/ Sauka wurin ba wasa ba ne. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda. Sinadarin naitirojin yana taruwa a jiki, in ka taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jini, abin da kan iya shanye jiki ko ya kashe. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce. Shi ya sa ake fita 'yan kaɗan, da jagora ɗan gari da ya san kowane lungu na jirgin.

10/ Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Jiragen nan kaburbura ne. Japan ta kwashe ƙasusuwan wasu daga cikin mutanenta, wasu suna nan har yau. Doka ta hana ɗaukar ko da cokali daga ciki. Ga kuma man da ke tankunansu: ƙarfe ya shekara sama da 80 a ruwan gishiri, tsatsa na cinsa, wasu jiragen sun fara yoyo. In mai ya malale, masunta ne za su fara ji a jikinsu.

11/ Ra'ayina shi ne, ƙasashen da suka yi yaƙin su ya kamata su ɗauki nauyin kwashe man gaba ɗaya. Mutanen Chuuk ba su gayyaci yaƙin ba, bai dace a bar musu ɓarnarsa ba. Nutson kuma ya ci gaba, tunda abincin mutane da yawa yana nan, amma baƙo ya tuna a kan kabari yake iyo.

12/ Ku fa, me kuka gani? Ya dace a riƙa biyan kuɗi don kallon wurin da mutane suka mutu? Ina jiran ra'ayinku a ƙasa. In zaren ya amfane ku, ku tura wa wani. 🙏🏾